Cutar Siliyak a Yara: Yadda Gwajin Jini Ke Gano Ta

Akwai yaron da iyayensa za su ce tun da aka yaye shi bai ƙara jin daɗin jikinsa ba. Ciki ya kumbura, ƙafafu sun sirance, gudawa ta zo yau ta tafi gobe. An ba shi maganin tsutsar ciki, an yi masa na taifot, ya sha maganin ƙarin jini kwalba bayan kwalba, amma ga ƙanensa yana neman kamo shi a tsawo. A ƙasashenmu, abin da ya fi jawo irin wannan hali shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki, da tsutsar ciki, da yawan gudawa saboda ruwa marar tsabta, da zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan likita yake fara dubawa, kuma daidai ne. To amma idan an magance su duka yaro bai murmure ba, akwai wata cuta da ya kamata a tuna da ita, wato cutar siliyak. Matakin farko na gano ta gwajin jini ne mai sauƙi.

Mece ce cutar siliyak?

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai wani sinadari mai suna gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya kuma tashi idan an sa masa yis. Yawancin mutane suna cin sa ba tare da wata matsala ba. Amma a jikin mai siliyak, garkuwar jiki tana ɗaukar gulutin a matsayin abokin gaba, kuma garin faɗa da shi sai ta raunata bangon ƙaramin hanji.

Bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana da ƙananan tsirai masu ɗimbin yawa, kamar gashin tawul, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Idan garkuwar jiki ta daɗe tana kai musu hari, sai su gajarce, wani lokaci su shafe baki ɗaya. Daga nan yaro zai ci ya ƙoshi, amma sinadarin ƙarfe da na ƙashi da maiƙo da sauran abubuwan gina jiki su wuce ba tare da jiki ya amfana da su yadda ya kamata ba.

Siliyak ba cuta ce mai yaɗuwa ba, kuma ba sakacin uwa ke kawo ta ba. Ta kuma bambanta da borin jini na alkama, wanda ke sa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan cin abinci. Ita siliyak a hankali take ɓarna, cikin watanni da shekaru.

Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. Ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi lokacin da burodi ya yi ƙaranci a ƙasarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon kuma ya dawo da burodi ya wadata. Ya wallafa bincikensa a 1950.

Shin cutar Turawa ce kaɗai?

Da haka aka ɗauka, amma bincike ya rushe wannan zato. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita, kuma da yawansu ba su sani ba. Ana samun ta sosai a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da arewacin Indiya, an kuma daɗe ana gano ta a jikin yara a Sudan. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu ma a nahiyar Afirka ne: wani bincike da aka wallafa a 1999 ya gano cewa kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada a sansanonin gudun hijira na Aljeriya suna da alamar cutar a jininsu. Waɗannan yara fulawar alkama ce babban abincinsu.

A Afirka ta Yamma ba a cika samun rahotonta ba. Abincinmu na gado, wato gero da dawa da masara da shinkafa da acca da wake da rogo da doya, babu gulutin a cikinsu. Sai dai cimar gidaje ta sauya. Yaro a yau yakan karya da burodi, ya ci taliya da rana, ya tafi makaranta da biskit ko cincin, da dare a yi tuwon semo. Wanda jikinsa ke ɗauke da gadon cutar, yanzu yana haɗuwa da gulutin kusan kullum.

Alamomin da ke sa a yi gwaji

A ƙananan yara, alamomin sukan fito ne watanni bayan an fara ba su abinci mai alkama: gudawa mai daɗewa, kashi mai yawa mai maiƙo da wari, kumburin ciki, amai, rashin cin abinci, rama musamman a ɗuwawu da cinyoyi, da yawan rigima.

A yaran da suka ɗan tasa kuwa, sau da yawa babu gudawa ko kaɗan. Abin da ake gani shi ne:

- tsumburewa ko tsayawar girma
- ƙarancin jini irin na rashin sinadarin ƙarfe da ya ƙi jin magani, ko yake dawowa da zarar an daina shan maganin
- ciwon ciki mai yawan dawowa, ko taurin bayan gida mai naci
- jinkirin balaga
- gyambon baki mai yawan dawowa, ko tabo da ramuka a haƙoran dindindin
- kasala da ciwon gaɓoɓi, ko karaya a kan ɗan ƙaramin faɗuwa
- ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwa da ɗuwawu
- hawan sinadaran hanta a gwajin jini ba tare da an gano dalili ba

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shi kaɗai ke nuna siliyak. Ƙarancin jini a wurinmu, misali, sai an duba sikila da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Shi ya sa ake buƙatar gwaji, ba hasashe ba.

Yaran da ake gwadawa ko da ba su da wata alama

Akwai yaran da haɗarin cutar ya fi yawa a kansu, don haka likitoci ke ba da shawarar a gwada su ko da lafiya lau suke a ido:

- wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na jini ke da siliyak, domin kusan 1 cikin 10 na irin waɗannan dangi na kusa su ma suna da ita
- mai ciwon suga nau'i na 1, wanda ake yi wa allurar insulin. Akan gwada shi jim kaɗan bayan an gano sugan, a maimaita cikin shekara 2, a sake bayan shekara 5
- mai ciwon tayirod irin wanda garkuwar jiki ke jawowa
- mai lalurar Down ko ta Turner ko ta Williams
- wanda jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin garkuwa na IgA

Me gwajin ke nema a cikin jini?

Duk lokacin da garkuwar jiki ta shiga faɗa, takan ƙera wasu sinadarai na musamman da ke liƙe wa abin da take yaƙa. A jikin mai siliyak da ke cin gulutin, tana ƙera irin waɗannan sinadarai a kan wani sinadarin jikinsa da ake taƙaita sunansa da tTG. Masu bincike a Jamus ne suka gano hakan a 1997, kuma daga nan aka samu gwajin da ake amfani da shi yau. Ga sunayen da za ku gani a takardar ɗakin gwaji:

tTG-IgA. Shi ne gwajin farko ga yaro kowace shekara yake. Yana gano fiye da 90 cikin 100 na masu cutar da ke cin gulutin.

Jimillar IgA. Ana yin sa tare da na farko. Dalili kuwa, gwajin tTG-IgA ya dogara ne da cewa jikin yaro yana ƙera IgA. Kusan 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak ba su da isasshensa, kuma a wurinsu gwajin zai nuna babu cuta alhali tana nan. Idan aka ga IgA ya yi ƙasa, sai a koma ga gwaje-gwajen rukunin IgG, wato tTG-IgG ko DGP-IgG ko EMA-IgG. Wasu likitoci kan ƙara DGP-IgG ga yaron da bai kai shekara 2 ba idan zargi ya yi ƙarfi.

EMA. Gwajin tabbatarwa ne. Da wuya ya nuna cuta a jikin wanda ba shi da ita, amma ya fi tsada, kuma yana buƙatar ƙwararren da zai duba da madubin likita, don haka ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba.

HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Wannan gwajin gado ne. Kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗaya daga cikin biyun. Amma a ƙasashen Turai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na mutane suna ɗauke da su, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke kamuwa. Saboda haka samun su ba ya nufin yaro na da cutar. Amfanin gwajin shi ne idan babu ko ɗaya, da wuya ƙwarai a ce siliyak ce.

Akwai wani tsohon gwaji mai suna AGA da har yanzu wasu wurare ke yi. An daina ba da shawararsa saboda yawan kuskurensa. Akwai kuma gwajin gaggawa na tsire yatsa. Ko me ya nuna, sai an tabbatar da shi a ɗakin gwaji.

Kada a daina ba yaro alkama kafin gwaji

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Uwa ta ji labarin cutar, ta cire wa yaro burodi da taliya, bayan wata biyu ko uku ta kai shi gwaji. A lokacin sinadaran da ake nema sun fara raguwa a jini, hanji ma ya fara warkewa. Sakamako zai iya fitowa babu komai, a koma ba yaro alkama, cutar ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Ko kuma a bar shi a kan ƙa'idar abinci mai wuya har ƙarshen rayuwarsa ba tare da an taɓa tabbatar yana da cutar ba.

Don haka yaro ya ci gaba da cin abincinsa na yau da kullum har a kammala dukkan gwaje-gwaje. Idan kun riga kun cire masa, ku faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin. Zai iya tsara yadda za a dawo da alkama na wasu makonni a ƙarƙashin kulawarsa kafin a ɗebi jini. Haka kuma yaron da bai taɓa cin alkama ba, ko bai cika cin ta ba, gwajinsa ba zai nuna komai ba ko da yana da gadon cutar.

Ban da wannan babu wani shiri. Ba a buƙatar yaro ya zo da yunwa, kuma jinin da ake ɗiba kaɗan ne. Ku dai sanar da likita idan yaron yana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki, domin suna iya rage sakamakon.

Yadda ake fassara sakamako

Kowane ɗakin gwaji yana da lambar da ya sa a matsayin iyakar lafiya, kuma tana rubuce a gefen sakamakon. Lambobin sun bambanta daga wannan na'ura zuwa waccan, don haka abin da likita ke dubawa shi ne sau nawa sakamakon yaro ya ninka iyakar. Idan iyakar 7 ce, ninki goma shi ne 70. Idan 20 ce, ninki goma 200 ne.

*Idan tTG-IgA bai wuce iyaka ba, IgA yana daidai, kuma yaro yana cin alkama,* to da wuya siliyak ce, sai a nemi dalili a wani wuri. Amma ga yaran da ke cikin haɗari, gwaji ɗaya bai rufe magana ba, domin cutar tana iya tasowa daga baya. Akan maimaita bayan wasu shekaru, ko da zarar alama ta fito.

*Idan ya wuce iyaka amma bai kai ninki goma ba,* ba a yanke hukunci a kansa shi kaɗai. Wasu cututtukan hanji, irin su ƙwayar giyadiya da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, da ciwon hanta, da wasu cututtukan garkuwar jiki, suna iya ɗan ɗaga shi. A nan ana tura yaro ga likitan ciki na yara domin a leƙa hanjinsa. Ana sa shi barci, a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki zuwa farkon ƙaramin hanji, a ɗebo ƴan gutsattsarin tsoka ƙanana, aƙalla 4 daga ƙasa da 1 daga mashiga, a duba su da madubin likita. Ba tiyata ba ce, kuma yawanci a ranar ake komawa gida.

*Idan ya kai ninki goma ko fiye,* ƙungiyar likitocin ciki da hanta da abincin yara ta Turai, ESPGHAN, ta amince tun 2012, ta kuma sabunta a 2020, cewa ana iya tabbatar da cutar ba tare da leƙa hanji ba. Sharaɗin shi ne a sake ɗibar wani jinin daban a yi gwajin EMA, shi ma ya nuna akwai. Ƙwararren likitan yara ne ke yanke wannan shawara tare da iyaye.

A yankinmu akwai dalilin da ya sa ake haɗa gwajin jini da na hanji. Tamowa da yawan kamuwa da ƙwayoyin cutar hanji su ma suna gajarta tsiran hanji, har su yi kama da na mai siliyak a madubi. Gwajin jinin ne ke bambance su. Akwai kuma yaran da jininsu ke nuna alama amma hanjinsu lafiya lau. Su ba a gaggauta canza musu abinci, sai dai a ci gaba da bibiyarsu.

Me ya sa ba a gwada kowane yaro?

Masana sun rabu a kan wannan. Masu goyon baya suna cewa yawancin masu cutar ba a gano su ba, gwajin yana da sauƙi, maganin kuma sananne ne. A watan Satumba na 2023 Italiya ta kafa dokar gwada yara daga shekara 1 zuwa 17 domin siliyak da ciwon suga nau'i na 1. A Amurka kuwa, kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi ya ce a 2017 babu isasshiyar hujjar da za a auna amfani da illar gwada mutanen da ba su da alama.

Ga wani lissafi na misali da zai nuna inda matsalar take. A ɗauka an gwada yara 1,000 masu lafiya, 10 daga cikinsu na da cutar. Idan gwajin yana kuskure a kan mutum 2 cikin kowane 100 marasa cutar, zai nuna alama a jikin yara kusan 20 da ba su da komai. Ke nan waɗanda aka tayar wa iyayensu da hankali a banza sun ninka masu cutar na gaskiya. Inda cutar ta fi ƙaranci, wannan giɓi ya fi faɗi. Shi ya sa a yawancin ƙasashe ake gwada masu alama da masu haɗari kaɗai, kuma shi ya sa sakamako ɗaya ba ya isa a ce wa yaro yana da siliyak.

Bayan an tabbatar

Maganin shi ne barin gulutin gaba ɗaya har abada. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke maye gurbin wannan, kuma yaro ba ya girma ya rabu da ita. Abin da za a bari ya haɗa da burodi, gurasa, taliya, makaroni, kuskus, semo, tuwon alkama, alkaki, funkaso, fanke, cincin, dubulan, kek, biskit, da abin sha da aka yi da sha'ir.

Abin farin ciki, gidan Bahaushe cike yake da madadi: tuwon shinkafa da na masara da na dawa, fura da nono, koko, kunun gyaɗa, ƙosai, alala, faten acca, dambun shinkafa, doya, dankali, nama, kifi, ƙwai, ganyaye da kayan marmari. Wuraren da ake tuntuɓe su ne inda fulawa ke shiga a ɓoye. Da yawa suna zuba ta a ɗanwake, wasu a waina ko wajen soya kifi. Man da aka soya fanke a ciki bai dace a soya wa yaron ƙosai ba. Injin niƙan da aka niƙa alkama yana barin gari a jikin geron da ya biyo baya. Kayan gwangwani da na leda da ɗanɗanon miya kuwa, sai a karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Ma'aunin duniya ya ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kowane kilo, wanda ke nuna yadda ɗan kaɗan ma yake da tasiri. Ya kamata kakanni da malaman makaranta da duk mai ba yaron abinci su san wannan, domin "ɗan gutsure ne kawai" shi ke hana hanji warkewa.

Yawancin yara suna fara samun sauƙi cikin makonni, ci ya dawo, ciki ya saɓe, nauyi ya fara hawa. Akan sake gwajin tTG-IgA bayan wata 3 zuwa 6, daga baya kuma kamar sau ɗaya a shekara, tare da awon tsawo da nauyi da yawan jini. Lambar tana sauka ne a hankali, takan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta daidaita, musamman idan ta yi sama sosai da farko. Idan ta ƙi sauka ko ta sake hawa, yawanci gulutin na shiga ta wata hanya da ba a lura da ita ba. A wannan lokaci ne kuma ya dace a gwada iyaye da ƴan'uwan yaron.

Yaushe za a je asibiti?

Ku kai yaro wurin likita idan gudawa ta wuce mako 2, ko nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa, ko ƙarancin jini ya ƙi jin magani. Ku tafi da katin awonsa da takardun gwaje-gwajen baya, ku kuma lissafa abin da yake ci a rana. Idan ƙananan asibitoci ba su da gwajin, ku nemi a tura ku asibitin koyarwa ko na ƙwararru, inda za a iya yin sa ko a aika jinin inda ake yi.

Idan kuwa yaro ya galabaita, idanunsa sun faɗa, ƙafafunsa sun kumbura, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko akwai jini a kashinsa, wannan ba lokacin jiran gwajin siliyak ba ne. A garzaya da shi asibiti nan take. Allah ya ƙara wa yaranmu lafiya.